Abin da Ishaku Ya Fita Yi a Saura

Litinin, 14 ga Oktoba 2024, ƙarfe 6:20 na safe

Yaya Helen ta kira ni tun ban yi wanka ba. Jiya ta je Garatu duba Baba, ta tarar da gida a rufe. Matar maƙwabci ce ta faɗa mata cewa kullum in rana ta karkata sai ya ɗauki sandarsa ya nufi gonar bakin rafi, ba ya dawowa sai gari ya fara duhu. Ba fartanya, ba adda. Tun makon da muka binne Mama yake haka, wata uku ke nan, kuma daga ni har ita babu wanda ya sani.

Ta ce, "Shekwolo, kai ne namiji, kai ne ka yi makarantar tauhidi. Ka je ka yi masa magana."

Na ce zan je. Ban ce yaushe ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 2:45 na rana

Ɗakin malamai. Yara sun tashi. Ni zan jagoranci nazarin Littafi Mai Tsarki yau a cocinmu na Tudun Fulani, mun kai Farawa sura ashirin da huɗu, auren Ishaku. Na ɗauko tsohon littafina na Ibrananci don in ɗan duba, sai na maƙale a aya ta sittin da uku. Ishaku ya fita saura da yamma domin ya yi wani abu, ya ɗaga ido, ya hango raƙuma. Abin da ya fita yi ɗin kalma ɗaya ce: lasuwah.

Sau ɗaya tak ta zo da wannan siga a cikin Littafin gaba ɗaya. Babu wata ayar da za a jera ta da ita a ce ga ma'anarta. Shekara biyu na yi ina koyon harshen nan, ban taɓa lura da ita ba. Mu dai an koya mana tunani ya fita yi, muka karɓa muka wuce wajen raƙuma da amarya.

Laraba, ƙarfe 7:30 na yamma

Nazari ya tafi daidai. Ban taɓo ayar ba.

Jumma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe 4:00 na yamma

Fasto Gideon na cocin Garatu ya zo har makaranta ya same ni. Yaro ne a kan Baba, bara aka kawo shi, kuma na ga nauyin maganar a fuskarsa tun kafin ya zauna. Ya ce Dattijo Zamani ya kai ƙara gaban dattawa. Yana dawowa daga gonarsa sau biyu ya ji Baba yana magana shi kaɗai a gindin ɗorawa, yana kiran sunan Mama. Zamani ya ce wannan neman matattu ne, Littafi Mai Tsarki ya hana, kuma irin abin da kakanninmu suka bari ne da suka karɓi bishara. In ya tabbata, za a sauke Baba daga dattijo, a sa shi ƙarƙashin horo, ya koma kujerar baya, ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake raba wa masu bi.

Shekara ashirin da shida Baba, Dattijo Yona, yana raba gurasa a cocin nan. Da kafaɗarsa ya ɗauko itacen da aka yi rufin farko.

Za su zauna ranar Asabar, biyu ga Nuwamba. Fasto ya roƙe ni in bi Baba gonar ko sau ɗaya, in ga abin da yake yi da idona, don ya samu abin da zai riƙe. Na ce masa aikin makaranta ya yi yawa. Ya dube ni. Ya san gonar. Shi ya taya su ɗauko gawar Mama daga can.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Na wanke mashin, na sha mai a Bosso, na kai har shataletalen Kpakungu. Daga nan na juyo gida.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 3:15 na rana

Bayan sujada na baje littattafai a kan tabarma. Ga abin da na samu.

Malaman Yahudawa na dā sun ce addu'a Ishaku ya fita yi, har suna danganta addu'ar yamma da shi. Waɗanda suka juya Littafin zuwa Latin suka ce bimbini. Na Helenanci sun sa wata kalma da take kusa da surutu, irin na mutumin da yake ta magana ba tsayawa. Waɗansu sun ce yawo ne kawai, miƙe ƙafa. Akwai ma wani Bature da ya rubuta cewa kewayawa ya fita yi. Na yi dariya ni kaɗai, har Mabel matata ta leƙo daga kicin. Ta ce rabon da ta ji dariyata tun watan Yuli.

Amma abin da ya riƙe ni shi ne wata 'yar'uwar kalmar, siyah. Tana nufin kuka da ƙorafi, mutum ya zazzage abin da yake cikinsa. Ita Hannatu ta yi amfani da ita a lokacin da firist ya ga tana addu'a, bakinta yana motsi ba sauti, ya ce ta bugu. Kuma da haruffan nan dai ake rubuta sunan ƙananan itatuwan jeji, irin wanda Hajaratu ta ajiye ɗanta a ƙarƙashinsa da ruwa ya ƙare musu.

Na yi lissafin shekaru. Ishaku yana da talatin da bakwai uwarsa Saratu ta rasu, yana da arba'in ya yi aure. Shekara uku. Kuma surar ba ta ce ya sami ta'aziyyar mutuwar uwarsa ba sai a aya ta ƙarshe. Ashe mutumin da ya fita saura da yamman nan maraya ne da bai warke ba.

Ni talatin da tara nake.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 1:30 na rana

Malam Nma, mai koyar da Larabci, teburinsa yana jikin nawa shekara bakwai. Ya ga na rubuta haruffan a bayan rajista, ya tambaya. Da na furta masa sai ya ce su ma suna da mai kama da ita, siyaha, tafiya a bayan ƙasa. Ya ce a wurin malamansu na dā ba tafiyar fatauci ba ce, mutum ne yake fita don ƙirjinsa ya yi masa ƙunci a cikin gari, ya je inda ba kowa sai shi da Ubangijinsa. Na ce masa wasu masana sun haɗa kalmomin biyu, wasu sun ƙi.

Sai ya tambaye ni jikin Baba. Shi da matarsa sun zo gaisuwa har Garatu a lokacin. Na ba shi labari sama-sama. Ya ce da mahaifiyarsa ta rasu a Bida, mahaifinsa ya yi shekara yana zuba shayi kofi biyu da safe, ba wanda ya tanka masa, har ya daina da kansa. Ya ce mutane suna da saurin sa wa baƙin cikin wani suna.

Na kusa faɗa masa maganar waccan Talatar ta watan Yuli. Aka buga ƙararrawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

Alhamis. Kamar yanzu ne Mama ta rasu.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe 7:50 na yamma

Yaya Helen ta zo daga Maitumbi a keke mai ƙafa uku, ta ce in ba zan je ba ita za ta ɗauke ni. Muka tafi tare.

Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma hankalinsa garau. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi mana faɗa don ba mu sanar ba da ya sa an haƙo doya. Tukwanen Mama suna kife inda ta bar su, an wanke su tas. Shi yake wankewa.

Yaya ta fito masa da shawararta: ya koma wurinta Maitumbi, ga ɗaki, ga asibiti kusa, maganar dattawa ma ta mutu da kanta. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce dawa ta fitar da kai, wa zai bar wa? Ta ce a ba ɗan ƙanensa. Ya ce a'a. Ta fara kuka, ta ce so yake a zaunar da shi a kujerar baya kamar wanda aka kama da matar wani, mu kuma mu shiga da wace fuska? Ya ce kujerar baya ma cikin coci take.

Ƙarfe biyar saura ya miƙe ya ɗauki sanda, muna zaune. A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ni. Bai kira ni ba. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

A hanya Yaya ta ce ba ta gane mini ba. Ta ce ranar jana'iza ma da aka ce a je a ga wurin da Mama ta faɗi, ni kaɗai na zauna a mota.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe 6:05 na safe

Wayata ta cika, tana ta neman in goge abubuwa. Na goge hotuna, na goge saƙonni. Jerin kira ban taɓa ba. Kiran Mama, 16 ga Yuli, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Takardun jarrabawar aji uku ne a gabana a lokacin, ɗari da tamanin.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na rana

Ina shirya abin da zan faɗa ranar Asabar. Na rubuta shafi uku, na yaga biyu.

Tambayar da take damuna ita ce: me ya sa Allah ya bar kalmar haka? Wanda ya ba da tsawon jirgin Nuhu kamu-kamu, ya faɗi launin zaren labulen alfarwa, da ya so ya ce Ishaku addu'a ya yi, kalmar addu'a tana nan, ta cika Littafin. Amma a kan maraya a saura da yamma sai aka sa kalmar da ba a sake sawa a kan kowa ba. Shekaru dubbai malamai suna leƙe, ba wanda ya iya rantsuwa.

Abin da nake gani, kuma ban karanta shi a wurin kowa ba, don haka wataƙila kuskure ne: akwai abin da yake tsakanin mutum da Mahaliccinsa wanda ba a ba mu sunansa ba. An nuna mana ya fita, an nuna mana lokacin, an nuna mana ba a tsauta masa ba. A wurin nan ma aka kawo masa alheri. Saura kuwa an rufa masa asiri.

Amma Zamani ba wawa ba ne. Ayar da ya riƙe tana nan. Mahaifinsa mai tsafi ne, ya ga abin da ya gani yana yaro. Tsoronsa na gaskiya ne.

Kuma ta yaya zan tsaya in ba da shaida a kan wurin da ban taka ba?

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 6:45 na yamma

An zauna a ofishin fasto ƙarfe goma. Dattawa biyar, Fasto Gideon, Baba, da ni a kan benci ta bakin ƙofa.

Zamani ya faɗi abin da ya ji, bai ƙara gishiri ba. Ya ce ya ji Baba yana cewa, me ya sa kika tafi ba sallama, me ya sa kika bar ni da wannan duka. Na nemi izini na tambaye shi da wane harshe Baba ya yi maganar. Ya ce da Gbagyi. Na ce a yarenmu ai babu "ka" babu "kika", kalma ɗaya ce ga mace da namiji, da ita kuma muke kiran Allah. Ta ina ya san da wa ake? Na ga dattawa biyu suna gyaɗa kai. Sai na kawo Ishaku, na kawo Hannatu da firist ɗin da ya ce ta bugu. Na yi magana mai tsawo, na ji daɗin muryata. Na ɗauka na gama da su.

Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Yaron nan yana so ya cece ni, amma kada ku yanke hukunci a kan wayo. Ina yi wa Allah magana, ina yi wa matata magana. Wani lokaci na fara da ita in ƙare da shi, ban san inda na tsallaka ba. Shekara arba'in da huɗu duk abin da ya faru da rana ita nake faɗa wa da yamma. Bakina bai san ta mutu ba."

Fasto ya tambaye shi a hankali ko yana neman wani abu a wurinta, ko tana amsa masa.

"Ba na tambayarta gobe, ba na kai mata komai. Ba ta amsawa. Da ta amsa ko sau ɗaya, da ni da kaina zan zo in faɗa muku, don na san ba ita ba ce."

Aka fitar da mu. Muka tsaya a inuwar mangwaro kusan awa ɗaya. Da aka kira mu, Fasto ya ce ba su sami laifin neman matattu ba, ba horo, teburin Ubangiji nasa ne. Amma saboda masu raunin bangaskiya, sun roƙe shi ya daina zuwa gonar a wannan lokacin, in yana so ya ci gaba da zama dattijo.

Baba ya ciro makullin ma'ajin coci daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya gode musu, ya ce su ba wani mai sauran ƙarfi. Zamani ya ce ba haka ya nufa ba. Baba ya ce ya sani, ya kama hannunsa.

Ban san ko mun ci ko mun faɗi ba. Yaya Helen ta ce mun faɗi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 2:00 na rana

Na yi sujada a Garatu. Baba ya zauna a layi na huɗu cikin maza. Zamani ne ya miƙa masa gurasa. Baba ya karɓa ya ci.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 4:10 na yamma

An kira daga Garatu, zazzaɓi ya kwantar da Baba. Yaya ta tafi da magani. Ta ce ya ƙi asibiti, ya ƙi Maitumbi.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 8:00 na yamma

Zan rubuta shi duka yau, in ba haka ba ba zan taɓa rubutawa ba.

Na isa da hantsi. Zazzaɓin ya sauka amma ƙafafunsa ba su ɗaukarsa. Yaya ta tafi kasuwa. Na zauna a bakin gadonsa ina ɓare masa lemo, sai kawai na ji bakina yana faɗa. Na ce Mama ta kira ni ranar Talata, kwana biyu kafin ranar. Ta ce ƙirjinta yana mata nauyi, in ta hau tudu numfashinta yana yankewa. Na ce mata ta sha magani ta huta, ina makin jarrabawa, zan zo ranar Asabar in kai ta asibiti. Ta ce to, Allah ya kai mu. Ban faɗa wa Yaya ba, ban faɗa wa Mabel ba. Daga Tudun Fulani zuwa Garatu bai kai awa ɗaya a mashin ba.

Baba ya dubi rufi. Ya ce ya sani, ta faɗa masa a daren. Ya ce shi ma ta faɗa masa ciwon, tun kafin ni, ya ce mata gajiyar noma ce. Ranar Alhamis ɗin yana wurin taron dattawa, ana gardama a kan fentin coci, har rana ta faɗi. Ita kuwa ta tafi gonar ɗibar kuɓewa, don ta ce Shekwolo zai zo Asabar, kuma ba ya son busasshiya.

Ban san wannan ba. Na ajiye lemon.

Na jira ya ce ba laifina ba ne. Bai ce ba. Ya ce, "Ni da kai duka mun ce mata ta jira. Na faɗa wa Allah haka, na faɗa mata. Kai ba ka faɗa wa kowa ba, shi ya sa ka fi ni ramewa."

Da rana ta karkata ya fara juye-juye, yana duban taga. Ya yunƙura zai tashi, ya koma. Kwana uku ke nan bai je ba. Sai ya nuna mini sandarsa a bayan ƙofa, ya ce in je in ce ba shi da lafiya, amma da sauƙi.

Na buɗe baki in ce masa matattu ba sa ji. Ni na koyar da haka, kuma har yanzu ban ce ƙarya ba ne. Na ɗauki sandar.

Hanyar ta fi yadda nake tunawa gajarta. An wuce gonar Zamani, an gangara, ga ɗorawar. Ciyawa ta kwanta a gindinta inda mutum yake zama kullum. Kuɓewar tana nan a gefen kunya, ba wanda ya cire, ta bushe a tsaye, 'ya'yan sun tsage. Na tsaya. Na ba da saƙon Baba da Hausa, na ji abin wani iri, na sake da Gbagyi. Daga nan ban tsaya ba. Na zauna, na tashi, na zaga, na dawo. Wani wuri na san da Mama nake, wani wuri na san ba da ita ba ne. Ban san tsawon lokacin ba, sai da na ji sauro a wuyana.

Na tarar Yaya ta dawo ta kunna fitila, tana tambayar inda na shiga. Baba ya ce ta ƙyale ni. Na mayar da sandar bayan ƙofa. Ya tambaye ni ko tsuntsaye sun yi wa dawar ɓarna sosai.

Na ce ban duba ba.

Ya ce, "Ni ma watan farko ban duba ba. Gobe ka duba."